Katan Ɗin Sukarin da Bai Kai Affala Ba

Ni dai ban yi aure ba, ban haihu ba, ko akuya ba ni kiwo. Moto gare ni, kabu-kabu nika yi cikin Tawa, in na samu na esansi, wato man moto, da na shayi sai in koma fada wurin abokai in miƙe ƙahwa. Amma bayan ƙaramar Salla ni anka ɗora ma jinyar ɗiyan wani har sati huɗu. Ni na direba, ni na mai riƙon layi a likita, ni na mai zubda bokiti. Illa ɗauko, Illa kai, Illa riƙe mashi kai shi yi amai. Ubansu, yayana Mahamadu, shina can Abijan shina aiko murya ta waya: "A kula mani da yara." Mu kuwa ga mu nan muna kula da bokiti.

Rubutuna sai haƙuri, lakkwal ban wuce aji shida ba, Mushe malaminmu ya gaji da ni kahin in gaji da shi. Amma masu yara su saurara, masu ɓoye kaya ƙarƙashin gado kuma su hi kowa saurare.

Gidanmu mu biyat na. Inna, mahaihiyarmu. Rabi, matar Yaya, 'yar garin Affala. Ɗiyanta biyu, Basiru mai shekara bakwai da Yama mai biyat. Sai ni, ɗakina na bakin zaure.

Kahin in kai ku likita bari in hwaɗi laihina, don labarin bai zama daidai sai da shi. Kun san in azumi ya kama, kowane namiji sai ya kai sukari gidan surukkai. Yaya ya bugo ma mai butik ɗin unguwarmu waya, yac ce a ba ni katan uku na sukari mai ƙwara-ƙwara in kai ma iyayen Rabi Affala. Niɗ ɗaura biyu bayan moto nik kai, sunka yi ta sa ma Yaya albarka, har da ba ni hura. Na ukun nis sa ƙarƙashin gadona, don akwai wata Hamsatu da nika so, nic ce ni ma bari in gwada ma ubanta ni mutum na. Sau biyu ina ɗaukar katan ɗin ga zuwa ƙohwar gidansu. Na hwarko zuciya tag gaza. Na biyu ni ishe wani ma'aikaci da mota ana sauke mashi buhu guda cur, har da katan ɗin madara bisa. Nij juya moto awa na ɓace hanya. Katan yak koma ƙarƙashin gado, nir ruhe shi da tsohon bargo, azumi yaƙ ƙare, nim manta da shi.

Ranar Salla yaran sunka hita yawon barka da Salla tun da hantsi. Kowane gida minti, biski, alawar madara, cingam, lemun leda. Wanda yab ba su kuɗɗi ma, butik kuɗɗin sunka tsaya. Sunka biyo ta fadarmu, abokaina sunka ba su shayi na uku, wanda sukarinai ya hi ruwanai yawa. Tuwon Salla da miyar kaza da Rabi tas sha wahala bisa, ko kallo ba su yi mashi ba.

Wanshekare da sahe Basiru yat tashi a tanƙware, awa mai neman dala a ƙasa. Yama ita ba ta ma ba da sanarwa ba, tat taho wurina tana murmushi, tas sako amai bisa sabbin takalmana na Salla. Kala uku: ja, kore, da wani shuɗi wanda ban san akwai abinci mai irinai ba. Bayan amai sai zawo, su biyu suna karɓa-karɓa. Inna taj jiƙa masu sabara, sunka sha, sunka mai do mata abinta. Kwana biyu haka, Rabi tac ce a tahi likita.

Mu huɗu bisa moto: Basiru bisa tanki, ni, Rabi, Yama goye. Likitar unguwa kuwa awa an sake idi. Yara ko'ina, kowa da kayan Salla da lalle, kowa riƙe da ciki. Kowace uwa ka ji tana ce ma ta kusa da ita, "Wallahi nawa bai ci komi ba." Tun hantsi nika tsaye, ina ganin mutane suna neman kabu-kabu bakin hanya, ni ina riƙe da takalmin Yama. Sai bayan azahar munka shiga.

Majo ɗin, wato babbar mai duba marasa lahiya wurin, mace ta, daga can wajen Doso anka aiko ta, Hausarta a karkace amma maganarta a miƙe. Tas soki yatsunsu tad duba palu, zazzaɓin sauro, babu. Tad dubi Basiru.

"Kai, me ka ci ranar Salla?"

Yaron yah hwara lissahi awa mai hadda. Tana rubutawa, tana rubutawa, sai ta aje biro.

"Madam, wannan ba ciki ba ne, butik ne."

Tab ba da wani gari na leda a dama cikin ruwa mai tsabta su riƙa kurɓa, da 'yan ƙwayoyi. Sannan tah hwaɗi kalmar da taz zauna gidanmu: "Rejim. Sati biyu, sukari zero. Ba bonbon, ba lemu, ba shayi. Kunu, fura, shinkafa, miyar ganye, ruwa da yawa." Tah haska maƙoshin Yama da tocila, tad dubi Rabi da kyau. "Wuyanta lafiya lau. Kar in ji an kai ta wurin wanzami. Na san ku. Sai an yanke, jini ya ƙi tsayawa, a kawo mini da gudu."

Tun daga ranar, rejim yak kama gida duka, har da mu da ba mu yi amai ba. Inna tat tattara sukarin gidan kakab, taz zuba cikin akwatinta na ƙarhe, tak kulle, taɗ ɗaure makulli ga bakin zanenta. Anka yi bincike awa na 'yan duwan masu caje kaya bakin iyaka. Anka samu minti huɗu cikin hular Basiru, cingam cikin cikin 'yar tsanar Yama.

Kwana ukun hwarko gidanmu bai zaunuwa. Yama ta yi kuka har muryarta tad dishe, tac ciji Rabi, tac ciji ni. Basiru shi zauna gaban kunu shina juya ludayi, shi ce, "Wanga kunun bursuna na." Ni anka naɗa abin misali. Rabi ta miƙo mani kunun tsamiya ba sukari, ta ce, "Autan Inna, sha su gani." In kurɓa, idona shi kawo ruwa, in ce, "Kai, daɗi!" Basiru shi ce, "To mi yas sa kunnenka ka motsi?"

Amma zawo ya tsaya, amai ya tsaya, sun hwara taɓa shinkahwa. Kwana na huɗu sai kuka ma yat tsaya cak. Ba mai roƙon minti, ba mai zagayar akwatin Inna. Munka ce alhamdu lillahi, yara sun haƙura. Ni har ina yabon kaina ga fada, ina ce masu in sun haihu su kawo mani reno.

Ashe ba haƙuri ba na. Abinci sunka daina ci gaba ɗai. A aje tuwo, su ture. Ciwon ciki yad dawo. Kuncin Basiru na hagu yak kumbura awa ya ɓoye goriba, haƙorin ciki shina ta mashi zugi. Yama in an matsa mata ta ci loma biyu sai ta yi kakari ta mai do. Yarinya mai kumatu, cikin kwana kaɗan wuyanta yah hito, rigar Salla tana mata reto. Wanga kam ban yi dariya ba.

Sai masu shawara. Maƙwabciyarmu tac ce baki na, yaran sun yi kyau da yawa ranar Salla. Gwaggonmu ta Takanamat ta aiko da ƙunshin saiwoyi ta motar kasuwa, da murya ta minti tara wadda rabinta gaisuwa ta. Wani ga fada yac ce a ba su lemun kwalba da gishiri, nic ce mashi Allah shi ba shi lahiya shi ma. Munka koma likita, munka sake shan layi. Majo tad dubi haƙorin Basiru, tad danna cikin Yama, tac ce, "Akwai mai ba su sukari." Rabi tay yi ta rantsuwa. Majo tac ce, "Ban ce ke ba ce. Na ce akwai."

Da Inna taj ji haka, sai tak kwance makulli tak kaɗa shi sama.

"Ga shi nan. Da shi nika kwana, da shi nika salla. Ni taka tuhuma? Sati biyu ba ƙwara guda gidan ga, yarinya tana ta ramewa. To ba sukari ba na. Hakin wuya na."

Hakin wuya shi na ɗan naman ga da ka reto can cikin maƙoshi, wanda wasu ka ce ma beli. Mu duk an cire mamu ranar suna. Yama kuwa maternite, ɗakin haihuwa na likita, anka haihe ta, anka hana, Yaya ma lokacin yac ce a bari. Shekara biyat abin shina cin Inna.

"Tun ranar suna nic ce a cire, anka ce ni ba ni da boko. Ga shi ya yi tsawo shina taɓa mata maƙoshi, shi ka sa ta amai. Asabar da sahe Wanzam Arzika za shi zo."

Rabi tac ce, "Inna, majo ta hana."

"Majo ta haihi nawa?"

Rabi tab buga ma Yaya waya, yac ce shi shina nesa, abin da Inna tag gani shi na daidai. Nig ga Rabi ta shiga madahi ta daɗe, ba hayaƙi, amma tah hito ido jawur.

Ranar Juma'a, na dawo masallaci na shiga ɗaki in canza riga, sai nig ga layin kiyashi. Layi mai tsari, ya hi na likita, daga bakin ƙohwa har ƙarƙashin gadona. Nij jawo katan. Nauyinai na nan, samanai a liƙe yadda nib bar shi. Nij juya bayanai, nig ga an yanke shi da reza tsab. Nij jawo kwali guda nib buɗe: tsakuwa. Na biyu, tsakuwa. Na uku, tsakuwa da ɓawon gujiya. Kwali biyu ɗai sunka rage masu sukarin gaskiya.

Niɗ ɗaga kai, ga Basiru tsaye bakin ƙohwa da kuncinai.

"Kai! Kai kay yi wanga aiki?"

"Ni da Yama. Ita ka tsinto duwatsu."

"Yau sai na gaya ma Inna ta kashe ka."

Yaron ko gezau. Yan nuna gehen katan da yatsa.

"Tonton, mi anka rubuta nan?"

Nid duba. Mai butik ya rubuta da baƙin alƙalami, manya-manya. Ni sai yau nil lura.

"A, fa, la," in ji Basiru, shina bin baƙaƙen da yatsa yadda anka koya masu. "Affala. Uku. Garin su Mama. In ka hwaɗi, ni ma in hwaɗi."

Ku ji mani. Ni niy yi ta ɗaukar yaron ga bisa moto ina kai shi lakkwal kyauta, ashe wuƙar yanka ni nika wasawa.

Niɗ ɗauki kwali biyun nik kai fada, nic ce an yi sadaka. A tunanina magana ta ƙare, sukari ya bar gida, yara su warke, asiri shi ruhu. Nis samu Inna tana tsintar wake.

"Inna, da an ƙara ma yarinyar ga sati guda, ina ji za ta warware."

"Yaushe kaz zama lokotoro? Gobe da sahe ka tahi ka ɗauko mani Arzika."

Nan lissahi yak kama ni. In na hwaɗi gaskiya, Yaya shi ji na ci amanatai, mutanen Affala su ji surukinsu ya aiko uku an kai biyu, Rabi ta ji, fada ta ji labarin buhun ma'aikaci, sunana ya canza har in mutu. In na yi shiru, a sa ma Yama ƙarhe cikin wuya bisa ciwon da ni nis san inda yah hito.

Asabar niɗ ɗauko Wanzam Arzika da zabiratai. Tsoho na, shi yay yi mamu aski tun muna jarirai. Nic ce bari in ɓata lokaci ko Allah shi kawo wata dabara. Nib bi da shi ta kasuwar dabbobi, niz zagaya ta tasha. Munka kai wani kwana, nis sa hannu a hankali nim murɗe robinen esansi nit toshe mai. Moto yay yi tari yam mutu.

"Kash, Baba, pan, moto ya lalace! Sai dai a bari wani satin."

"Buɗe abin da kam murɗe, ɗana. Ina ganin hannunka. In kuwa ya ƙi, gidanku ba nisa, na taka."

Munka iso. An shimhiɗa tabarma ƙarƙashin itacen bedi. Wanzam yak kwance zabira, yaj jera kayanai: aska, ɗan ƙarhe mai lanƙwasa a baki, da 'yar sandar danne harshe. Inna tas sa Yama tsakanin ƙahwahunta tar riƙe. Rabi tana tsaye bakin madahi, ta toshe baki da gehen mayahi. Basiru ya laɓe bayan randa shina kallona, ni ina kallonai, kowa da asirin wani a hannu.

Wanzam yac ce, "Buɗe baki, 'yar gidana, 'aaa' ɗai za ki ce."

Yama ba ta yi kuka ba. Taj juyo tad dube ni, tam miƙo hannu.

"Tonton Illa, riƙe ni."

To. Ban san sa'ad da nis shiga ɗaki ba. Nij jawo katan har tsakar gida, nik kihe shi gaban tabarma. Tsakuwa taz zubo, kwalaye sunka watse, kiyashi sunka kama gabansu.

"Baba, dakata. Ba hakin wuya ba na. Ga ciwon nan."

Inna tad dubi duwatsu, tad dube ni. "Gini za ka yi?"

Nih hwaɗi komi. Katan uku, biyu sun tahi, guda ya kwana. Hamsatu, ma'aikaci, buhu. Ban rage komi ba sai yawan zagayen da niy yi da moto ranar. Rabi tat taho a hankali taɗ ɗaga katan, tak karanta gehenai, ta aje. Tad durƙusa gaban Yama.

"Akwai saura?"

Yama tad dubi Basiru, Basiru yad dubi sama. Sai yarinya tat tahi akurkin kaji, tas sa hannu can ciki, taj jawo gwangwanin madara cike da ƙwarar sukari, har da gashin kaza. Ashe ko da nik kwashe na ɗaki, su suna da reshe. Wanzam Arzika yay yi dariya har da tari, yah hwara mai da kayanai cikin zabira.

Bari in ba ku ƙarshen jinya kahin in koma ga tabarmar ga. Rejim na gaskiya ranar yah hwara. Kwana uku na kuka sunka dawo sabbi, munka daure. Abin da yat taimaka: kada a bar su da yunwa, da sun hwara ƙugi a miƙa hura ko gujiya ko guntun cuku. Dabino guda bayan sun cinye abinci, ba kahin ba. Ruwa kusa da su kullum. In rigima ta yi yawa in ɗauke su bisa moto mu sha iska, ta hanyar da ba butik. Sahe da marece in tsaya kansu da burushi. Cikin kwana goma kumatun Yama sunka hwara dawowa, ranar da tac ce a ƙaro tuwo Rabi har da guɗa. Haƙorin Basiru kam bai tsira ba, sai da munka tahi babbar likita, layi biyu, rana biyu, anka ba shi magani kumburi yas sauka, sannan anka cire. Ya aje shi cikin kwalin ashana shina gwada ma abokai.

Na gode ma majo, ko da ta shanya ni rana, don ita ɗai tac ce akwai mai ba su, kuma akwai. Na gode ma Rabi da ba ta kai maganar Affala ba, ko da har yau in na ce ta miƙo mani wani abu sai ta ce, "Biyu ko uku?" Abokan fada ban gode masu ba, sun sha kwali biyu kuma yanzu Katan suka kirana. Ku masu yara, in an hana su zaƙi kunka ji sun yi shiru da wuri, kada ku yi murna, ku bi kiyashi. Kuma kahin a kira mai aska, a leƙa ƙarƙashin kowane gado.

To, ranar nan bisa tabarma, da hankali yak kwanta sai hwaɗa yat tashi, duk bisa kaina. Inna ta ce na kusa sa ta yanka jikanyarta a banza. Rabi ta ce iyayenta sun yi ta shi ma Yaya albarkar katan biyu, ashe na uku shina ƙarƙashin gadon gwauro. Ni kuwa kun san baki bai mutuwa. Da nig ga Yama ta kuɓuta, sai ƙarhina yad dawo.

"Ku tsaya a yi adalci," nic ce. "Sukarin ga na wa na? Na tsohon Affala. Su wa sunka sha? Jikokinai. Da na kai mashi, da su zai ba. Ni gajarta hanya niy yi, saƙo ya isa hannun masu shi, ko esansi ba a ƙona ba. Kuma wa yab buɗe asiri? Ni. Wa yac ceci yarinya? Ni. In da gaskiya, godiya ya kamata a yi mani, a ma ƙara da..."

Inna ba ta ko dube ni ba. Taj juya wurin tsohon, wanda ya riga ya rataya zabira.

"Arzika, ba kai kac cire ma wanga hakin wuya ranar sunanai ba?"

"Ni na, Hajiya."

"To aje zabirar ga. Illa, zauna nan ka buɗe baki. Arzika, duba mani, surutu ya yi yawa, ina ga nashi ya sake tohowa."